Faifan da Ke Maƙalewa a Zauren Mushe Isuhu

Shekara bakwai ke nan da muka raka Mushe Isuhu makwancinsa, Allah ya jiƙansa, kuma har gobe in aka ambaci kiɗan jaz a gabana, zaurensa na unguwar Kalley nake fara gani. Malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, mutumin Damagaram, aiki ya kawo shi Yamai ya share wuri ya zauna. Ni Bagobiri ne, ma'aikacin gwamnati mai ritaya. Ba dangin iya ba na baba, faifai ne ya haɗa mu, irin baƙin nan mai faɗi da ake ɗora wa allura a kan garmaho.

Duk Asabar bayan la'asar muke taruwa, mu watse da kiran magariba. Fayafayan kuwa tsince-tsince ne. Wasu daga Turawan da suka gama aiki za su koma gida, wasu daga ɗaliban da suka dawo karatu, wasu a gwanjo a ƙarƙashin tsofaffin takalma. Hamani, Bazabarmen cikinmu, direban babbar mota ne a lokacin, shi ke ɗauko mana na ƙasashen bakin teku. Ya sha gaya mini cewa kunnen Bagobiri bai wuce kalangu ba, ni kuma in ce masa ƙarar inji ta daɗe da cinye nasa. Mushe Isuhu ba ya shiga wannan. Dokokinsa kaɗan ne kuma ba ya sassautawa: faifai a tsaye ake ajiye shi, ba a barin shi cikin mota ko a jikin bangon yamma, don zafin Yamai na lanƙwasa shi kamar tasa, kuma in allura ta sauka baki ya mutu.

A cikin tarin nan akwai wani faifai da ya fi so. Mai ƙaho ne ke busa a hankali, fiyano na bin sa a baya kamar mai rakiya. Da tabonsa ya zo daga gwanjo. In kiɗa na biyu ya kai tsakiya sai allurar ta maƙale, ta yi ta maimaita wuri ɗaya. Mushe Isuhu ya san wurin kamar yunwar cikinsa. Kafin a iso sai ya miƙe, ya tsaya a kan garmahon, ya ɗan taɓa allurar da ɗan yatsa, kiɗa ya wuce. Tunda kuma ya riga ya tashi, sai ya ɗaga labulen ƙofar cikin gida, ya leƙa, ya ce wani abu da matarsa Hajiya Rabi, ya dawo kujerarsa. Ba mu taɓa jin abin da yake cewa ba. Mun ɗauka shayi yake tambaya, don jim kaɗan shayin kan fito.

Hajiya Rabi ba ta taɓa zama da mu ba. Kiɗan da bai san inda ya dosa ba, haka take kiran jaz, kuma a gaban mijinta take faɗa. Shi ya sa muka yi mamaki da ta aiko bayan sadakar arba'in cewa zaure a buɗe yake, kada mu fasa. Asabar ta farko Hamani ya ɗora wancan faifan, don tunawa da mai shi. Aka zo wurin, allura ta maƙale. Ba wanda ya motsa. Kowa na kallon kujerar da ba kowa a kai, ƙahon na ta nanata abu ɗaya, har Hamani ya miƙa hannu ya zare waya daga bango. Muka mayar da faifan cikin jakarsa, kuma ba tare da mun yi shawara ba, ba mu sake sa shi ba.

Nakan tambayi kaina yadda Mushe Isuhu zai ga zamanin nan. Abin da muka yi shekaru muna nema a gwanjo yanzu yana cikin salular kowane ɗan lakol. Ban jin zai yi fushi, don shi ba mai ƙyashi ba ne, kuma ya sha cewa kiɗa na mai kunne ne. Zai dai yi gunaguni a kan masu toshe kunne su ji su kaɗai. Wata rana ɗiyarsa Nana ta nemo mana wancan kiɗan a wayarta, tas, ba tabo ba ƙara. Muka saurara da ladabi. Da aka zo wurin, sai ya wuce sumul. Hamani ya ce, "Ashe abin da ke ƙarƙashin tabon bai taka kara ya karya ba." Gaskiya ya faɗa. Ni dai ban ji daɗinsa ba, ji na yi an tsallake wani abu.

Bara waccan aka sanar da mu cewa zaman Kalley ya ƙare. Shaguna sun kewaye gidan ta ko'ina, magada sun daidaita za a rushe shi, Hajiya za ta koma wurin Nana a unguwar Koira Kano. Hankalina ya tashi, ba zan ɓoye ba. Mun ragu ƙwarai, wasu sun rasu, wasu ƙafa ta hana. Gidan Hamani a Kirkissoye jikoki sun cika shi, a can ko kiran salla da ƙyar ake ji. Nawa ɗakin kuwa, rana ɗaya ta watan Afrilu ta ishi faifai. Kuma da wane baki za mu roƙi dattijuwa ta ja zugar tsofaffi zuwa gidan surukinta, saboda kiɗan da ba ta so? Na san in zauren nan ya tafi, sai dai mu riƙa haɗuwa a wurin jana'iza.

Asabar ta ƙarshe muna zaune jugum, sai labule ya ɗaga. Hajiya Rabi ce ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Garba," ta ce da ni, "ina faifan nan mai tsayawa? Mi ya hana ku sa shi?"

Na ce, "Hajiya, gudun sosa miki rai muka yi."

"To ai ni shi nike jira. Duk Asabar ina daga ciki ina saurare, ku yi ta sa waɗansu."

Hamani ya ce, "Mu da muka ɗauka shayi malam ke tambaya in ya leƙo."

Ta yi ɗan murmushi. "Wane shayi? Shayi ai na san lokacinsa. Cewa yake, Rabi, kina nan? In ce mishi, ina za ni? Shi ke nan."

Muka ɗauko faifan, na goge shi da hular kaina, abin da mai shi ba zai taɓa yarda ba. Da aka kusa wurin na yunƙura, gwiwa ta ƙi, sai da ya maƙale ya yi ta zagaye sannan na isa. Na taɓa allurar, kiɗa ya wuce. Sai na tsinci kaina a tsaye a inda yake tsayawa, ga labule a gefena, ban san abin yi ba. Hajiya ba ni take kallo ba. A hankali ta ce, "Ina nan."

Da kiɗan ya ƙare ta gyara mayafinta ta ce garmaho da fayafayai duk da ita za su tafi, ta riga ta yi magana da mijin Nana, akwai ɗaki mai sanyi. Wanda ke son ji, in ji ta, ya san hanyar Koira Kano.

Can muke zuwa yanzu. Gidan Kalley ya zama bene, ana sayar da kayan waya a inda zauren yake. In na auna abin da Mushe Isuhu ya bari, fayafayan su ne mafi ƙanƙanta, don kullum allura cin su take, wata rana za su ƙare. Abin da bai ƙare ba shi ne ya koya wa tsofaffi masu surutu su yi shiru tare, kuma a tsakiyar abin da ya fi so a duniya yakan tashi ya duba matarsa.

Hajiya takan zauna a baranda kusa da taga, har yanzu kuma tana nan a kan bakanta cewa kiɗan bai san inda ya dosa ba. Ni ke tashi in an zo wurin, kuma kullum sai na makara, Hamani na yi mini dariya. In na gyara allurar ba na leƙawa, wannan ba nawa ba ne. Nakan dai ɗan tsaya kafin in koma kujera, ita ma takan dakata da jan carbinta har sai na zauna.