Murfin Gwangwani a Fuskar Kwamfuta

Shekara talatin da biyu Mai Hatimi ya yi a rumfarsa ta gefen kotu, yana sassaƙa roba da reza, yana rubuta sunayen mutane a juye, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Taurin kai gare shi, ko likita ya ce ya zauna sai ya ji dalili. Da zamani ya juya, 'yarsa Auta ta ba shi tsohuwar kwamfutarta ta cinya, ta sa mata tsarin sarrafa kwamfutar nan na kyauta wanda ba mallakar wani kamfani ba. Yana gunaguni ya koyi zana hatimi a kai, ya buga a takarda, inji ya gasa masa robar.

Ran nan kwamfutar ta nemi a sabunta ta, ya danna mata. Tun daga nan duk da'irar da ya zana sai ya ga ta baje gefe kamar ƙwai. Shi kuwa karkatacce ba ya wucewa ta gabansa, sai ya matse ta har ta yi daidai a idonsa. Bai san fuskar kwamfutar ce ke miƙe hoto ba, da'irar lafiyarta ƙalau. Hatimi uku suka fito a matse, uku aka dawo masa da su. Shugabar wata makaranta har da cewa, "Baba, ko za a gwada tabarau?"

Babban ɗansa ya zo da tasa shawarar, dama ya daɗe yana harin wurin. "Baba, ido ya gaji. Ka huta haka nan, ni sai in zuba kayan waya a rumfar."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Ya zana sabuwar da'ira, bai taɓa ta ba, ya buga: ta fito cif a takarda. Ya ɗauko murfin gwangwanin tawada ya manna a fuskar kwamfutar. Sama da ƙasa sun dace, amma ga zanen nan ya leƙo ta dama da hagu.

Wani mai gyaran kwamfuta na kan kwana ya ce a goge tsarin gaba ɗaya, ko a sayi sabuwa.

"Ba abin da zan goge," in ji Mai Hatimi. "Ita ta yi mini ƙarya, ita za ta gyara bakinta."

Ya kira Auta a waya. Ta sa ya buɗe wurin saita girman hoto, ya karanto mata: 1024 da 768. Ta ce na gaskiyar 1366 da 768 ne, kuma ya ɓace daga jerin, sai an buɗe baƙar tagar da ake ba kwamfuta umarni an rubuta shi da hannu. "Baba, bari in zo Asabar in yi maka."

"Kafin Asabar yayanki ya buga kanta. Karanto, 'yar nan."

Ta yi ta karanto haruffa da lambobi, yana bugawa da yatsa ɗaya. Kwamfutar ta ƙi. Ya bi layin daga ƙarshe zuwa farko, yadda ya saba duba hatimi, ya kama harafin da ya tsallake. Ya sake dannawa. Fuskar ta yi baƙi ƙirin, sannan ta dawo. Rubutu ya tsuke, ya fito tar.

Da babban ɗan ya dawo da awon katakon kanta a aljihu, uban ya miƙa masa murfin. "Ɗora da kanka."

Ya ɗora. Da'ira ta shige ƙarƙashin murfi, ko gefe bai leƙo ba.

"Sati biyu kana zama a nan kana kallonta da sabon idonka, ba ka ga ƙwai ba. Ni na gani." Ya jawo kujerarsa. "Matsa mini daga haske, hatimin makaranta zan sake."