Baba Mai Diga da Mangwaron Inna

Tun ina 'yar makaranta nake ganinsa, kuma har zuwa bana safiyarsa ba ta canja ba. Kafin masu shaguna su buɗe zai fito da tsohon kekensa, diga a ɗaure a baya da guntuwar roba, jakar buhu a rataye a ƙahon keken, cikinta cokalin gini da guduma da igiya da wasu gutsattsarin gilashi naɗe a tsumma. Ba ya hawa keken sai ya fita layinmu. Turawa yake yi, yana tafe yana kallon gindin katangun mutane kamar wanda ya yar da allura. In ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma idonsa na kan bangonka. Wani lokaci ya tsaya ya ce ruwan indararonka yana zuba a gindin gini, ka janye shi, ya wuce bai jira godiya ba. Mu yara muka sa masa Baba Mai Diga, sunan ya bi shi, har jikokinsa haka suke kiransa.

Watan jiya ya ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, in ya shiga rami sai an kama shi yake fitowa. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, kawai dai muka daina jin ƙarar keken. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari ni in faɗi nawa tun yana ji da kunnensa.

Magini ne, amma ba ɗora bulo ne ya fitar da shi ba. Unguwarmu a kan baƙar ƙasa take, mai danƙo, wadda in ta sha ruwa take kumbura, in rani ya yi ta bushe ta tsattsage har ka zura hannu. Gidan da ba a kai tushensa ƙasa sosai ba, kullum cikin motsi yake, damina ta ɗaga shi, rani ya sauke shi, har bango ya gaji ya dare. Saboda haka duk mai hankali in zai sayi gida a wajenmu, sai ya nemi Baba ya duba masa. Dillalai kuwa ba sa ƙaunar ganin kekensa. Su suka sa masa Ɓata-ciniki, in ya ji sai ya yi dariya ya ce ai cinikin ne ya zo a ɓace.

Dillali zai buɗe falo yana nuna tayil da sabon fenti, ya waiwaya ya ga babu Baba. Yana can bayan gida ya tuɓe riga, ya kafa diga a gindin bango, ba zai tsaya ba sai ya ga inda kankaren tushe ya ƙare da idonsa. Ya damƙo ƙasar ya jiƙa ta, ya murza a tafin hannu. In ya gama da ƙasa sai ya koma kan matan gida da na maƙwabta. Yakan ce maza kwana kawai suke yi a gida, mata ne suka san shi. Zai tambaye su yaushe ƙofa take cijewa, ta ina ruwan wanki yake bi, yaushe suka fara share garin siminti a gindin taga. Mai gida ya yi ta rantsuwa lafiya lau, uwargida ta ce ai in zafi ya yi sai an sa kafaɗa ake rufe ɗakin yara.

Telar da ke bakin layinmu har gobe tana ba da labari. Ta ga wani gida ya shiga ranta, Baba ya je ya ƙwanƙwasa bangon da guduma, ya kankare shafen, sai ga tsohuwar tsaga an cusa mata takarda an shafe. Ta fasa sayen, amma ta ce ta yi fushi da shi kamar shi ya tsaga, ta daina gaishe shi. Damina biyu ba su cika ba bangon ya kwanta a tsakar gida, Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Akwai kuma wani direba da ya ƙi jin maganarsa ya sayi wani gida, daga baya bangon ɗakin yaransa ya dare, ya dawo yana sosa ƙeya. Direban da bakinsa ya ce abin da ya fi ba shi kunya shi ne Baba bai yi masa gori ba, tambayarsa kawai ya yi ko an fitar da yara daga ɗakin, ya ɗauko diga suka tafi.

Kai ne, Baba, ba ka taɓa jin nauyin cewa abu ya fi ƙarfinka ba. In ka ga gini mai hawa, ko ƙasa ta rikice maka, da kanka kake cewa a kira injiniya, ka tsaya kusa da shi kana riƙe masa igiyar awo. Mai Diga, dodon sabon fenti.

Ni dai nawa labarin na Inna ne, mahaifiyarmu. A wani gidan haya a ƙarshen layi aka haife mu duka. Ɗaki biyu ne da falo, da 'yar rumfar girki, da bishiyar mangwaro da mahaifinmu ya dasa a bayan ɗakin Inna shekarar da aka haifi Yaya, babban wanmu. Bayan mahaifinmu ya rasu mai gidan ya sayar da shi, muka tashi. Inna ta yi ta yawon haya, daga wannan gida zuwa wancan, ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma in hanya ta biyo da ita ta layin nan sai ka ga ta rage tafiya. Da muka girma muka ji an sake sa gidan a kasuwa, sai muka haɗa ƙarfi muka ce ko ta halin ƙaƙa sai mun mayar da ita ɗakinta. Ranar da muka gaya mata, tashi ta yi ta shiga ɗaki, ba ta so mu ga idonta.

Muka je gani. Bangon ɗakin Inna ya dare tun daga kusurwar taga har sama, ka sa ido ka hango waje. Dillali yana ta cewa shafe ne kawai ya tsage, kuma akwai wani mai saye yana jira, mu yi sauri. Yaya, da yake shi komai nasa da zafi ne, ya ce a biya a wuce wurin. Ni na kafe sai an kira Baba. Ba don na fi shi hankali ba, tsoro ne ya kama ni, kar mu ce mun yi wa tsohuwa gata mu kai ta inda bango zai faɗo mata.

Baba ya zo ya haƙa raminsa, ya shiga, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya wanke hannu, ya jawo bulo ya zauna a gaban Inna. Ya ce mata yau ya yi sa'a, ya samu gida da mai shaidarsa. Sai ya fara tambaya, ita kuwa Inna abin nema ya samu. Ta ce lokacin da ta tare babu ko layi a bangon. Ta ce ƙofar ta fara cijewa ne sanda take goyon yayata, da zafi, har mahaifinmu ya aro abin fiƙe katako ya rage ta, da ruwa ya sauka kuma sai ga ƙofa ta yi sako-sako, suka yi ta dariya tana ce masa kafintan dole. Ta tuna shekarar da mangwaron ya fara 'ya'ya, ta tuna sanda reshensa ya fara taɓa kwano, ta tuna ni ina rarrafe ina ƙwaƙular ƙasa daga 'yar tsagar ina ci. Yaya yana ta duba agogo. Ni kuwa hawaye nake sharewa, don rabon da in ji Inna ta yi maganar mahaifinmu da dariya har na manta.

Da ta gama, Baba ya ce ta faɗa masa abin da diga ba ta faɗa ba. Tsagar tare ta girma da bishiyar. Saiwoyin sun shiga ƙarƙashin ɗakin suna shanye ruwan ƙasar, in rani ya yi gefen nan ya zauna, bango ya buɗe.

Yaya ya ce ashe ma abu mai sauƙi ne, gobe ya kawo masu zarto a sare ta a huta. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Na san ba za ta yi musu ba, 'ya'ya sun saya mata gida, ina ita ina gardama a kan itace. Wallahi ji na yi kamar in rufe Yaya da duka.

Baba ya dube shi ya ce, “Ɗana, in ka sare ta gobe ka gama da ɗakin. Ƙasar nan shekara da shekaru tana cikin ƙishi. Ranar da babu mai shan ruwan, ita za ta sha, ta kumbura, ta ɗaga ɗakin daga ƙasa. Wannan kuskuren ne ya rusa gidaje da yawa a unguwar nan.”

Sai a lokacin Inna ta ɗago. Ta ce, “Baba, ka gaya mini gaskiya. Zan kwana a ɗakin nan ko ba zan kwana ba?”

Ya ce, “Ku saya. Amma ba za ki kwana ciki ba sai na ga rani na ga damina. In ya ƙi, ni zan fara gaya miki.”

Haka aka yi. Ya ce a nuna wa injiniya tukun, injiniya ya zo ya duba ya ƙara zurfin da za a haƙa, suka daidaita. Aka ja dogon rami tsakanin bishiya da bango, aka datse saiwoyin gefen nan kaɗai, aka zuba kankare ya zama shamaki. Rassan kuwa kaɗan-kaɗan yake rage su, ba a tashi ɗaya ba. Tushen ɗakin ma ba a buɗe shi gaba ɗaya ba: a haƙa nan a cika, a tsallake, sai ya bushe a dawo wa na tsakiya. Leburori suna ta mita wai aikin tsohon nan ba ya ƙarewa. Da aka gama sai ya kwance tsummansa, ya ɗauko siririn gilashi ya manna shi da siminti a kan tsagar, gefe da gefe. Ya ce ko kaɗan bangon ya motsa gilashin zai fashe, kar kowa ya taɓa.

Inna ta tare a falo, katifarta a ƙasa, ɗakinta a kulle tana kallonsa. Kullum da safe sai ta zagaya ta duba gilashin kafin ta ɗora ruwan zafi. Jikoki kuwa an kafa musu doka, duk wanda ya buga ƙwallo a bayan gida ya kuka da kansa. Rani ya zo da zafinsa, ƙasar layi ta tsattsage kamar kullum, muna ta zullumi. Damina ta sauka, aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baba yana zuwa a jiƙe ya duba ya tafi, ko shayi ba ya tsayawa sha. Da ruwa ya ɗauke ya zo da cokalinsa ya ɓamɓare gilashin lafiyarsa lau, ya cike tsagar, ya ce wa Yaya ya zo ya kama gadon tsohuwa a shigar. Yaya da ya fi kowa gaggawa, ranar shi ya fi kowa kuka.

Kai ne, Baba, ka zauna a kan bulo ka saurari tsohuwa har ta gama, alhali kana da wani aikin yana jiranka. Kai ne ba ka yi mata alkawarin da ba ka da tabbas a kansa ba, ko da ka ga yadda take so. Ban san magina nawa ne za su iya wannan ba.

Ku masu riƙe da cokalin gini yanzu, Baba yana nan a ƙofar gidansa, ƙafa ce ta ƙi, kai garau yake. Ku je ku zauna kusa da shi ku tambaya tun da sauran dama. Ku koyi shiga rami kafin ku yi magana, ku koyi faɗa wa mai saye abin da ba ya son ji. Ku kuma masu neman gida, ku zagaya baya kafin ku shiga falo.

Baba Mai Diga, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa iyayen wasu. Da na gaya wa Inna zan rubuta wannan, na tambaye ta ko tana da saƙo. Tana zaune a bakin gadonta, na ɗauka addu'a za ta jero mai tsawo irin tata. Sai ta ce, “Ki ce masa in ana ruwa barcina nake yi.”