Saƙon Aikin Ido Da Ban Gani Ba

A shekarun baya ina da ɗan shagon kwamfuta a Daura, kuma kaina ya fi shagon girma, don gani nake babu wanda ya kai ni sanin na'ura a unguwarmu. Mutanen ƙauye da ba su da imel, nawa suke bayarwa idan an nema. Na liƙa wa manhajar imel ɗin wata ƙaramar manhaja da ke tura mini sanarwa a waya duk lokacin da saƙo ya shigo. Na saki jiki da ita har na daina buɗe akwatin saƙonni da kaina.

Akwai wata dattijuwa daga Zango, ƙawar mahaifiyata, da yanar ido ke neman rufe mata gani. An rubuta sunanta cikin masu jiran aikin ido kyauta da wasu baƙin likitoci za su yi a wani asibiti, aka ce za a aiko da ranar zuwa ta imel ɗina. Ana cikin haka kwamfutar ta nemi in sabunta babbar manhajarta. Na danna, na tafi masallacin Juma'a. Ashe sabuwar ba ta jituwa da ƙaramar manhajar, ta kashe ta ba tare da wata alama ba.

Duk mako sai dattijuwar ta hau mota ta zo, ta zauna a benci, mu gaisa, ta tambaye ni ko likitoci sun yi magana. Ni kuwa in ɗaga waya in leƙa, in ce mata shiru. Ko sau ɗaya ba ta ce in sake dubawa ba, don a wurinta ɗan ƙawarta ba zai yi mata sakaci ba. Sai a mako na biyar na buɗe akwatin saboda wani aikin daban. Saƙonta na nan, har da na tuni. Ranar ta wuce, likitocin sun koma.

Da ta zo, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ce mata da alama ba su aiko ba. Ta ce Allah bai nufa ba, ta sa mini albarka saboda wahalar da na sha. Wannan albarkar har yau tana ƙona ni.

'Yan'uwa masu riƙe wa jama'a saƙo, duk ranar da kuka sabunta na'ura ku gwada komai, ku aika wa kanku saƙo ku ga ko ya iso. Idan kuma kun yi kuskure ku faɗa tun mai haƙƙin yana raye. Ita ta rasu bara ba ta gani, tana zaton asibiti ne ya manta da ita.