Allon Turancin Malam Hadi

Malam Hadi maƙwabcina ne a Rijiyar Gawo, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma a makaranta ɗaya muke koyarwa, sakandaren gwamnati da ke kan hanyar Kunci. Shi Larabci, ni Turanci. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kuma fi ni karatu ta kowace fuska, amma Allah ya ƙaddara sai na zama malaminsa na damina guda. Sunana Uwaisu, kuma tun da na fara riƙe alli ban taɓa samun ɗalibin da ya gajiyar da ni kamarsa ba.

Ɗan gidan malamai ne, shi ne auta a wurin mahaifiyarsa, Inna Kaltume. Yayunsa mata suna gidajen aurensu a garuruwa, yayansa namiji ya rasu da daɗewa, saboda haka shi kaɗai ya rage mata a gida. Ya haddace Alƙur'ani a gaban mahaifinsa tun gemu bai fito masa ba. Daga nan ya shiga makarantar Larabci a Kano, ya yi digirin farko, ya yi na biyu, duk da Larabci. Turanci kuwa ya riƙa raɓe masa kamar yadda ake raɓe wa karen maƙwabta, a wuce ta gefe ba tare da an haɗa ido ba. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, in ka gan shi a kan keke sai ka rantse tunani yake yi ba tafiya ba.

Abin da ya sa a gaba shi ne digirin dakta. Akwai wani tallafin karatu da ya nema zuwa wata jami'a a Malesiya, an duba takardunsa an yaba, aka ce saura abu ɗaya: ya ci jarrabawar Turanci. Ya zauna mata sau biyu, tana kayar da shi. Tallafin kuma yana da iyakar shekaru, shi kuwa ya zo daidai bakin iyakar. In ya ci bana, zai tafi, ya dawo ya samu koyarwa a kwaleji, ya huta da albashin da ke ƙarewa tun wata bai raba ba. In ya faɗi, magana ta ƙare har abada. Wannan kowa a gidansa ya sani, har Inna da idonta ya yi rauni.

Shekarar kuwa ita ce wadda aka cire tallafin mai. Babur ɗin da muka haɗa kuɗi muka saya muke hawa tare zuwa makaranta muka jingine shi a zaurensa, kaji suka mai da shi wurin kwana, muka koma kan kekuna kamar 'yan firamare. Takin zamani ya gagari kowa. Malam Hadi da kansa ya riƙa kwasar takin awaki a mangala yana kaiwa gona da jakin aro. A gidaje da yawa tukunya sau ɗaya take hawa murhu, sauran a cike da tafasa da ƙuli-ƙuli. A cikin wannan hali mutum ya ce zai koyi harshen wasu. Ni da farko haushi ma abin ya ba ni.

A kan keke muke darasi. In jefa masa kalma, ya ba ni ma'anarta, in ce ya sa ta a jimla. Nan ake yin ta. Mutumin da ya sha nahawun Larabci ya ƙoshi ba ya yarda da abu sai an gaya masa dalili, Turanci kuwa rabinsa ba dalili.

"Malam Uwaisu," ya ce mini wata rana, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa a tsakiyar hanya, "wannan harshe ba shi da shugabanni ne? A rubuta harafi a ƙi karanta shi. A kafa ƙa'ida yau, gobe a kawo maka kalmomi cike da kwando a ce su ba ruwansu da ita. Wa ya yarje musu?"

Na ce, "Malam, ni ma haka na tarar da shi. Hau mu tafi, an kusa buga ƙararrawa."

Duk dabarar da na sani na gwada. Na yanka masa kwalaye na rubuta kalmomi, suka jiƙe a aljihunsa a gona. Na saka masa darussa a waya, cajin ya riƙa mutuwa, wuta kuwa sai dai labari. Abin da muka karanta da safe, kafin la'asar ya zube. Sai ran nan ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da sabon allo a hammata.

"Kaina ba ya riƙe abu sai ta nan," in ji shi. "Da shi aka buɗe shi, da shi zan lallaɓa shi."

Na yi dariya har da riƙe ciki, amma shi ko a jikinsa. Ya ware wa allon alƙalaminsa na kara daban, da kurtun tawadarsa daban, don kada ya haɗu da na karatun Alƙur'ani. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a ƙofar turakarsa ya cika allon da kalmomin Turanci, yana jan alƙalami daga hagu zuwa dama yana tsaki. Ya yi ta maimaitawa har su zauna, sannan ya wanke allon a cikin ƙoƙo, ya ajiye ƙoƙon a kan dakali da niyyar zubarwa a gindin zogale. Da yake kullum a makare muke, sai in yi ta buga masa ƙararrawar keke daga waje, ya fito a gurguje ya bar ƙoƙon a nan. In ya dawo ya tarar an wanke ƙoƙon an kife, ya ɗauka matarsa Sakinatu ce ta zubar.

Abin mamaki, allon ya yi aiki. Dariyata ta koma ciki. Kafin a gama noman farko ya fara mayar mini da jimla ba gargada, kafin gero ya fitar da kai ya fara kama ni da kuskure, abin da ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Wannan ɗan lokaci na bayan asuba shi ne duk jarinsa. Da rana makaranta, da yamma gona, in magariba ta yi kuma jiki ya mutu, ciki ba nauyi, ko sunansa ka tambaye shi sai ya yi tunani. Na fara gaya wa kaina cewa bana kam mutumin nan zai haye.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, Inna Kaltume ta tashi za ta shiga ɗaki jiri ya kwashe ta ta faɗi. Sakinatu ta leƙo ta katanga ta kira ni. Muka kori kaji daga kan babur, muka samo ɗan mai a kwalba, na tuƙa, Inna a tsakiya, Malam Hadi a baya yana riƙe da ita, har asibitin Ɗambatta. Ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta sake aunawa, ta dube mu.

"Jininta ya hau sosai. Tana shan maganinta kuwa?"

Malam Hadi ya ce tana sha. Inna, daga kwance, ta ce a'a.

"Na bari tun kafin ruwa ya sauka, 'yar nan. Da ya ƙare ban faɗa ba. Ina ganin yadda ake fama a gidan, in ce a sayo mini ƙwaya? Ga shi kuma Auta ya dawo yi mini rubutu. Kullum da safe sai na sha. Shi ya riƙe ni har yau."

Ma'aikaciyar ta yi ɗan faɗanta na masu asibiti, ta ce rubutu daban magani daban, a haɗa duka biyun. Ni kuwa Malam Hadi nake kallo. Ya dafa ƙarfen gado, ya fita waje a hankali. Na bi shi na same shi tsugune a gindin wata darbejiya.

Abin da ya faru ba wuyar ganewa. Tun zamanin mahaifinsa, a kan wannan dakali ake ajiye wa Inna rubutun sha. Da aka ɗora ta a kan maganin asibiti, sai al'adar ta yi sanyi, shi ma hidima ta ɗauke masa hankali. Da Sakinatu ta ga ƙoƙo ya dawo wurinsa da ruwan tawada a ciki, ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauka ta kai wa surukarta, har tana jin daɗi mijinta ya tuna da tsohuwa. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi ganganci. Amma damina ta kusa ƙarewa tsohuwa tana yin bisimilla tana shan wankin kalmomin Turanci, ta bar maganinta ta dogara da shi.

Wallahi da a bakin wani na ji labarin, da na yi dariya. A gindin darbejiyar nan kuwa tausayi ne ya kama ni.

"Ina gida ɗaya da ita," in ji shi, "ban san maganinta ya ƙare ba. Na san kalmar Turanci ta hawan jini, Malam Uwaisu. Makon jiya na haddace ta."

Bai gaya wa Inna ba, ya kuma roƙi Sakinatu kada ta faɗa. Ya sayar da babur ɗin, rabona da nasa, da yardata, aka sayi magani. Daga ranar da aka sallamo ta, lokacin bayan asuba ya koma na Inna. Ya ɗauko tsohon allon mahaifinsa, ya yi alwala, ya rubuta ayoyi a tsanake, ya wanke, ya kai mata da hannunsa tare da ƙwayar asibiti, ya zauna har ta shanye. Kafin ya gama rana ta fito, ni kuma ina waje ina buga ƙararrawa.

Na yi masa faɗa, ban ɓoye ba. Na ce jarrabawa saura ƙiris, garin nan cike yake da masu rubutu, ya sa wani ya riƙa yi mata zuwa ya gama. Na ce shekarunsa ba za su jira shi ba. Ya saurare ni har na gaji.

"Da sunana ta sha wancan," ya ce. "Da hannuna za ta sha wannan."

Ya gwada mai da Turancin yamma, bayan an taso daga gona. Sai in same shi zaune da allon a cinya, alƙalami a hannu, yana gyangyaɗi. Kalmomin da suka zauna suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina gani, a kan keke. In jefa masa wadda ya sani sarai wata guda da ya wuce, sai ya ce, "Tana nan kusa," mu yi ta tafiya ba ta zo ba. Daga baya na daina jefawa.

Ranar jarrabawa ya hau motar Ɗambatta zuwa Kano. A kwamfuta aka yi, ya ce da yatsa ɗaya ya yi ta laluben haruffa har lokaci ya cika. Sakamako ya fito ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya miƙo mini wayar a bakin gona ya ce in karanta masa, wai idonsa ba ya gani sosai a rana. Makinsa ya fi na baya nesa ba kusa ba. Abin da ya rage masa ya kai makin da ake so kaɗan ne, kaɗan ɗin da ya fi yawa ciwo. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya karɓi wayarsa, ya sunkuya ya ci gaba da cira.

Bayan la'asar ya ce in raka shi wurin Inna, tunda ni ne malaminsa. Muka same ta a kan tabarma a inuwar rumbu, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"Inna, sakamako ya fito. Ban ci ba."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Ke nan ba za ka tafi ba?"

"Ba zan tafi ba."

"Ko baɗi?"

"Ko baɗi, Inna. An rufe."

Ta sauke numfashi mai tsawo. "Alhamdu lillahi," in ji ta. Na ɗauka irin godiyar da ake yi ce a kan kowane hali, sai ta ci gaba. "Auta, kada ka riƙe ni a zuciya. Na san ka sha wahala. Amma tun da aka fara maganar tafiyar nan, duk safiyar da na ɗauki ƙoƙon nan abu ɗaya nake roƙo kafin in kai shi baki. Allah kada ya sa ka ji labarina a waya. Ya sa kana tsaye a kaina."

Raina ya ɓaci, ban kuma san da wa zan yi fushi ba. Na tuna kekuna, da takin awaki, da mutum mai furfura yana gyangyaɗi a kan allo. Na dubi Malam Hadi ina jiran ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce ta ƙorafi, don in samu abokin haushi.

Sai ya gyara zama a gefen tabarmar, ya jawo ƙwaryar gabansa, ya ɗebi gyaɗa.

"Amin, Inna," ya ce.