Usur ɗin da Burama Bai Busa Ba

Burama Kulibali mai gyaran babur ne a unguwarmu ta Pelengana a Segu, amma ba da wannan aka fi saninsa ba. Duk Asabar yakan rufe shago, ya rataya usur a wuya, ya tafi yi wa ƙananan yara alƙalancin ƙwallon kwando. Yaro zai rungume ƙwallo ya ruga da ita, Burama ya kawar da kai. In abin ya yi yawa ya tsayar da wasa, ya durƙusa ya nuna masa yadda ake buga ta a ƙasa. Yakan ce in ka busa wa ɗan shekara takwas usur a kan kowane kuskure, gobe ba za ka gan shi a fili ba.

Wata Asabar alƙalin da zai kula da wasan manyan 'yan mata, 'yan shekara sha shida zuwa sha bakwai, ya kwanta zazzaɓi, aka roƙi Burama. Da safe ya gama da yaransa, da la'asar ya shiga wannan. Mai horar da ƙungiyarmu, Nana Keita, abokiyar wasansa ce ta al'ada, don zuriyarsu na tsokanar juna, ta tare shi da tsiya.

"Kulibali, ka dai ci wakenka ka ƙoshi? Waɗannan fa ba jariranka ba ne."

"Ke dai ji da 'yan wasanki, Keita. Usur nawa ne."

Tun farkon wasa aka fara turereniya. Burama ya gani ya bari, kamar yadda ya saba. 'Yan matan suka lura ba a busawa, sai kowace ta ƙara ƙarfi. Nana ta daina raha.

"Burama, ka busa mana."

Ya ɗaga mata hannu alamar ta zauna.

Bayan an dawo daga hutu, Asitan Jara, wadda ta fi kowa tsalle a ƙungiyarmu, ta tashi sama za ta zura ƙwallo, aka bangaje ta ta baya. Ta sauko a kan ƙafa ɗaya, gwiwar ta juya. Sai a lokacin ya busa. A satin da ke tafe ne za ta je Bamako gwajin ɗaukar 'yan wasa.

Ba wanda ya zage shi, wannan ma ya fi damunsa. Ya sayi kifi ya tafi gidan su Asitan. Ya iske ta a kan tabarma, ƙafar a naɗe.

"Kawu, ai ba kai ka ture ni ba," in ji ta.

"Ni na ba su hanya. Tun turin farko ya kamata in busa."

Ta ce, "Ni ma na yi ta ture su. Na ga ba ka busawa."

Ya ajiye mata kifin ya fita.

Burama ya ƙaurace wa fili har damina ta wuce. Nana ce ta je shago ta ce masa wanda ya gaje shi yana sa yara kuka da yawan usur, in ya ga dama ya ci gaba da ɓuya. Ya koma. Yanzu har wasan manya yana karɓa, amma kafin a fara yakan tara su ya ce, "Ku ba yara ba ne. Turin farko zan busa."

Asitan ta warke, tsallen ne bai dawo ba. Tana karatun jinya yanzu. In ta wuce ta bakin shagon takan gaishe shi da fara'a, ya amsa, amma idonsa na kan gwiwarta har ta sha kwana.