Dabarar da Na Koyo a Wajen Kawu

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja a Birnin Kebbi, mu biyu aka ɗauka na wucin gadi, ni da wani abokina da muka yi makaranta tare. Tun ranar farko aka gaya mana bayan wata shida mutum ɗaya za a riƙe. Muka yi dariya, muka ce Allah ya ba mai rabo.

Aikinmu gwaji ne. Kamfanin yana haɗa manhajar da za ta riƙa gaya wa manoman shinkafa ranar ban ruwa. Mu kuwa sai mu sa kwamfuta ta yi ta jefa mata lambobi kan mai uwa da wabi, girman gona, ranar dashe, irin ƙasa, ko za ta yi tuntuɓe mu gane inda kuskure yake. Abin yana cin lokaci ba kaɗan ba. Kwamfuta ta wuni tana jifa, da la'asar ka duba ka tarar rabin jifan kusan wuri ɗaya ya faɗa.

Wata Asabar na je Argungu gaida kawuna, wanda sana'arsa sayen shinkafa shanshera ce. Na zauna ina kallonsa yana duba buhuna da wani ƙarfe mai rami. In ya soki buhu ya ga tsabar lafiya, ba ya taɓa na kusa da shi, sai ya tsallake can nesa.

Na ce, "Kawu, me ya hana ka bi su a jere?"

Ya ce, "Kai ɗan nan! Wanga buhu da na kusa da shi gona guda suka hito. Mi zan gani sabo? In da ruɓa, can nesa za ka iske ta."

A mota ina dawowa na kasa zama da kyau, maganar kawu ta tuna mini da gwajinmu. Ranar Litinin na sake tsarin gwajin: kwamfuta ta fara ɗebo lambobi goma, ta ɗauki wadda ta fi nisa da duk waɗanda ta riga ta gwada. Kuskuren da muke wuni muna nema, sai ga shi kafin azahar. Murna ta rufe mini ido. Na kira abokina na nuna masa komai, har labarin kawu, na kuma tura masa aikin duka.

Da wata shida ya cika, ranar da aka tara mu gaban shugaban kamfani, abokina aka fara kira. Ya buɗe kwamfutarsa, sai na ga aikina, ko wasali bai canza ba. Da aka tambaye shi inda ya samo dabarar, ya ce ai ya daɗe yana bincike a intanet. Bai ko kalli inda nake ba.

Da aka zo kaina na miƙe na ce ai aikina ne, abin da zan nuna ke nan. Shugaba ya yi murmushi, ya ce ba laifi ba ne mutum ya koya a wajen abokinsa. Abokina aka riƙe.

Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi, kuma haushin kaina nake ji. A ranar, a bakin ƙofa abokin nawa ya tare ni, ya sassauta murya, ya ce, "Ka yi haƙuri abokina, ka san ina da iyali."

A lokacin matata tana da ciki wata bakwai. Ya sani sarai, don babur ɗinsa nake ara in kai ta awo.