Babbar Rigar Aro

Ranar wata Sallah na fito daga gidana a garin Mitchellville na Amurka sanye da babbar riga, sai maƙwabcina, wani dattijo baƙar fatar Amurka, ya kashe injin yankan ciyawa yana dariya.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce shi ma ya taɓa saka irinta. Lokacin yana saurayi, ba a barin baƙar fata ya zauna a gidajen abincin Turawa da ke bakin babbar hanya. To amma Amurka da Rasha suna zawarcin ƙasashen Afirka, gwamnati na tsoron a wulaƙanta baƙo ɗan Afirka ya yi fushi ya bi 'yan gurguzu. Sai aka roƙi masu abinci su riƙa karɓar 'yan Afirka. Wani ɗalibi Bakano ya ara masa riga da hula, ya ce kada ya kuskura ya yi Turanci, duk abin da aka faɗa masa ya ce "to". A haka ya shiga ɗaya daga cikin gidajen abincin.

"Har da rusunawa suka kawo mini nama," in ji dattijon. "Kakan kakana a nan aka binne shi, amma sai da na zama baƙo na samu kujera."

Na taya shi dariya, na wuce masallaci. Bayan an idar, kafin in shiga ofis, na tuɓe rigar a mota na cusa ta ƙarƙashin kujera kamar kullum, don kada a yi mini kallon baƙo.